Tambaya da Amsa: Maƙala 300 na jirana, ko in biya kuɗin horon karatun sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a karatun dokta, kan ajiyar wake da ƙwarin da ke cinye shi. Da rana ina koyarwa, sai dare in yara sun yi barci nake buɗe kwamfuta. Maƙalun da na tara sun haura 300, galibinsu da Ingilishi, ni kuwa da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare. Daraktana yana jiran babin waiwayen binciken da wasu suka riga suka yi nan da wata uku. A wani zauren WhatsApp akwai mai tallar horon karatun sauri, jika 25, wai cikin sati biyu zan riƙa karanta kalma 1000 a minti ba tare da komai ya kuɓuce mini ba. Wallahi barci ya ƙaurace mini. In biya? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Riƙe kuɗinki, Allah Ya yaye miki damuwa.

Wannan hajar ba sabuwa ba ce. Tun 1959 wata malama Ba'amurkiya mai suna Evelyn Wood ta fara sayar da irin wannan horo, yanzu kuma ya iso mu ta waya. Masu binciken motsin ido sun daɗe da auna abin. Ido tsalle yake yi a kan layi, ya tsaya kamar rubu'in sakan, kuma a kowace tsayawa haruffa bakwai zuwa takwas na gabansa kawai yake tantancewa sosai. A 2016 Keith Rayner da abokan aikinsa suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka nuna duk wanda ya ninka saurinsa sau biyu ko uku to fahimtarsa ce ta biya kuɗin. A 2019 Marc Brysbaert na jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam ya haɗa bincike 190, ya samu babban mutum yana karanta kalma 238 a minti in rubutun ilimi ne da Ingilishi. Wanda Ingilishi ba harshensa ba ne bai kai haka ba. Ke kuma ga shi harshenki na uku ne, sannan a ce miki 1000?

Abin da ya fi ci mini rai, kuma kusan kullum sai wani ɗalibi ya zo mini da shi, shi ne abu biyun da masu horon nan ke cusa wa yara: wai komawa baya a layi mugun hali ne da ya kamata a bari, wai kuma muryar nan da mutum ke ji a cikin kansa yana karatu ita ce ke ja masa birki, a kashe ta. Har da sa su bin layi da bik a guje don kada ido ya waiwaya. Wannan ɓarna ce tsagwaronta. Ƙwararren mai karatu ma, cikin kowane tsalle goma na idonsa, aƙalla ɗaya baya yake komawa, kuma ba don sakarci ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ji jimla ba ta zauna daidai ba, ta aiki ido ya je ya dubo. An gwada hana mutane waiwayen, fahimtarsu ta ragu. Muryar cikin kai kuwa ita ke riƙe miki farkon doguwar jimla har ki kai ƙarshenta. A labarin soyayya in kin tsallake kalma ba a yi asarar komai ba. A maƙalar kimiyya sakamakon aikin shekara biyu yana iya rataya a kan "ba" guda ɗaya, ko "sai dai", ko ɗan alamar tauraro a ƙasan jadawali, kuma su ne ƙananan abubuwan da ido mai gudu ke fara zubarwa.

Na taɓa zama cikin alƙalan kare kundin mastar na wani yaro, a wata jami'a da ba sai na faɗi sunanta ba. Ya rubuta cewa wani bincike ya tabbatar garin ganyen dogon yaro ya kare wake daga ƙwari. Ɗaya daga cikinmu, dattijo, ya buɗe jaka ya zaro maƙalar, duk ta sha jan bik, ya miƙa masa ya ce ya karanta sakin layi na biyu a shafi na biyar da babbar murya. Yaro ya karanta, muryarsa na rawa: bambancin da aka gani bai kai wanda lissafi zai amince da shi ba. Iyayensa na zaune a baya, an riga an ajiye kulolin abinci a bakin ƙofa. Ba maƙaryaci ba ne, take da layin farko ya gani ya wuce. Gyaran ya ci masa wata huɗu, sauri ya haifi nawa.

Za a ce miki ai ga wane yana cinye littafi a dare ɗaya. Dubi alaramma in yana tilawa: izifi yake naɗewa kafin ke ki gama shafi biyu. Idonsa bai fi naki ba, abin ne ya zauna masa a ka. Haka farfesan da ya shekara ashirin a kan ƙwaron wake, rabin kowace maƙala ya riga ya san ta, sabon kawai yake nema. Saurin gaske daga sanin fanni da kalmominsa yake zuwa. Don haka ki ware kaye guda, duk kalmar Ingilishin da ta tare ki sau biyu ki rubuta ta da ma'anarta. Kalmomin fanni ɗaya ba su da yawan da kike tsoro, maimaita kansu suke yi.

Su kuma 300 ɗin, ba duka za ki karanta ba, babu mai yi. Yi irin na dillalan hatsi a babbar kasuwa, da ke soka buhu su dubi ƴan ƙwayoyi a tafin hannu. Minti biyar ga kowace maƙala: take, taƙaitawa, jadawalai, kammalawa. Tambaya ɗaya ce, ta taɓa matsalar kundina ko kuwa? Goma a dare, cikin wata guda kin gama tankaɗe. Wannan dubawar sama-sama halal ce, matuƙar kin san sunanta ke nan. Wadda duk za ki kafa hujja da ita, ita ce za ki zauna wa da bik, sashen hanyar bincike da na sakamako layi-layi, ko da za ta ci miki dare biyu. Kina gamawa ki rubuta jimla uku da bakinki a Zotero, manhajar adana maƙalu da ake samu kyauta: me suka yi, me suka samu, ina rauninsu.

Mu ma malamai muna da namu laifin. Sai a ce wa ɗaliba "je ki karanta duk abin da aka rubuta", a juya a tafi taro, alhali wa'adin shekara uku na dokta a tsarin LMD (lisans, masta, dokta) yana ta tafiya. Ki koma wurin daraktanki cikin ladabi, ki roƙe shi ya ja miki layi a ƙarƙashin maƙala goma da ba zai yafe miki rashin saninsu ba. Ki kuma hau kabu-kabu ki je cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, nan kusa da Maradi, an daɗe ana aiki a can kan adana wake, har da buhunan nan masu ruɓi uku na PICS. Jika 25 ɗin ki kai wa mai fotokofi ya fitar miki da goman nan a takarda, ko wuta ta ɗauke kya karanta da fitilar waya.