Na canza gilashin gaba, dole ne sai an sake saita kyamarar motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tsakuwa ce ta tashi daga tayar wata babbar mota ta tsaga min gilashin gaba, na kai aka saka sabo. Mai aikin ya ce kyamarar da ke bayan madubin tsakiya sai an sake saita ta, kuma aiki ne daban da kuɗinsa daban. Ni kuwa na tayar da mota, babu fitilar gargaɗi ko ɗaya da ta kama. Gaskiya ya faɗa, ko ƙarin kuɗi yake nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai aikin nan bai cuce ka ba, gaskiya ya gaya maka.

Kyamarar nan da kake gani manne a saman gilashi ita ce idon motar. Da ita take gane layin titi har ta ja maka sitiyari idan ka fara kaucewa, da ita take hango mota ko mutum a gabanka ta taka birki da kanta, a wasu motocin kuma ita ke karanta allunan gefen hanya da rage hasken fitila idan wata mota ta tunkaro. Toyota na kiran nata tsarin Safety Sense, Honda na kiran nata Honda Sensing, Subaru kuwa EyeSight, wanda shi kyamara biyu yake amfani da su kamar idanun mutum. Abin ya wuce ado yanzu: a Tarayyar Turai tun watan Yulin 2024 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota sai da birkin gaggawa mai kama kansa.

To, a yawancin motoci kyamarar ba a jikin ƙarfen mota take zaune ba. Wani ɗan mariƙi ne da aka liƙa a jikin gilashin yake ɗauke da ita. Ranar da aka cire tsohon gilashi aka ɗora sabo a kan gam, komai ƙwarewar mai aikin ba zai zauna daidai inda na farko ya zauna ba. Ya ɗan ɗaga, ko ya ɗan karkata, abin da ido ba ya gani. Ga kuma shi kansa gilashin, lanƙwasarsa da kaurinsa suna canza yadda haske ke ratsawa ya isa kyamarar.

Ka ce ƙaramin abu ne? Mu yi lissafi. Kuskuren digiri 1 kacal, idan aka miƙa shi zuwa nisan mita 100, ya zama kusan mita 1.75. Faɗin layi ɗaya a babban titi wajen mita 3.5 ne. Ke nan motar da ke gabanka sak, kyamara za ta iya ɗauka rabinta a layin gefe yake. A gudun kilomita 100 cikin awa kana cinye kusan mita 28 kowace daƙiƙa, don haka birkin da ya makara da rabin daƙiƙa ya ci maka mita 14. Akwai kuma akasin haka, wanda ni ya fi ba ni tsoro: mota ta cije birki haka siddan saboda ta ɗauka abin da ke gefen hanya a gabanta yake, ga wani na bin ka a baya.

Batun fitilar gargaɗi shi ne inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Kwamfutar mota tana gane an cire waya, ko kyamara ta mutu, ko datti ya rufe ta. Amma kyamarar da ke aiki lafiya, kallonta ne kawai ya karkace, sau da yawa ba ta da yadda za ta san haka. Kamar mai harbi ne da saitin bindigarsa ya goce, yana auna daidai a ganinsa, harsashi na tafiya wani wuri.

Saitin iri biyu ne. Na farko a cikin gareji ake yinsa, mota na tsaye a daɓe mai shimfiɗa ɗaya. A duba iskar taya, a sauke kaya daga but, a nemo tsakiyar motar da zare ko hasken leza, sannan a kafa wani allo mai zanen baƙi da fari a nisan da kamfanin motar ya ƙayyade, ana aunawa da tef. Sai a jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, kyamara ta kalli allon ta gyara lissafinta. Na biyu a kan titi ne: a tuƙa motar da na'urar a jone, a hanya mai layi fes, cikin yanayi mai kyau, har kwamfuta ta nuna ta gama koyo. Wata motar ɗaya take so, wata sai duka biyun. Littafin kamfanin ne ke yanke hukunci, ba ra'ayin bakanike ba. Kuma ba a fita gwajin titi sai gam ya kama sosai.

Idan ka koma, tambaye shi wane irin saiti motarka ke buƙata da kuma na'urar da zai yi amfani da ita. Wanda ya ce goge lambar matsala kawai zai yi da kwamfuta, wannan ba saiti ba ne. Ka karɓi takardar sakamakon da na'urar ta fitar ka adana, masu inshora kan nemi ganinta. Idan saitin ya ƙi kammaluwa sau biyu sau uku, a fara zargin ingancin gilashin ko mariƙin kyamarar, sannan a duba ko tayoyin motar ne ba su miƙe ba, domin motar da ke tafiya a karkace ba ta saituwa daidai.

Kafin a yi aikin za ka iya tuƙa motarka, birki da sitiyari na hannunka kamar kullum. Sai dai ka shiga saitin allon gaba ka kashe mai riƙe layi, kada ka kunna mai bin gudun motar gaba, kuma ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka.