Amsa: Waya ta yanki dokina a ƙafa

Malam, kana tambayar abin yi kafin likitan dabbobi ya iso. Fara tsayar da jinin: danna tsumma mai tsabta a wurin kamar minti 10, ban da ɗagawa ana leƙe. In ya tsaya, wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, ka naɗa bandeji, ba tamau ba.

Baƙin mai da toka kuwa, don Allah a bar su, na ga yadda suke ruɓar da ciwo. Komai ƙanƙantar yankan a yi masa allurar tetanus, doki ba ya jure wannan cutar. In kusa da gaɓa ne, kada ya kwana likita bai gani ba.