Tabon da ke fitowa a ganyen dankali: yaushe ya kamata a yi feshi?

Tambaya: Ina noman dankali a garkata da ke kusa da Mirya. Tun ƙarshen Agusta ganyen ƙasa suke yin tabo ruwan ƙasa, su yi ɗorawa su zube. Wane magani zan fesa?

Amsa: Malam, kafin a kai ga sayen magani, a tsinko ganye ɗaya a ɗaga shi a hasken rana. Idan tabon yana da zobe cikin zobe kamar yankakkiyar albasa, to naman gwari ne, wato wata ƙwayar cutar shuka, mai suna Alternaria. Idan tsakiyarsa ta yi fari-fari da ɗige-ɗige baƙaƙe, gefensa kuma ya yi duhu, ya fi kama da Phyllosticta. Dukansu suna kwana a ragowar ganyen bara, iska da fantsamar ruwan sama su yaɗa su, kuma raɓar da ke daɗewa a kan ganye ita ce ke buɗe musu ƙofa.

A ganina, tabon da ya tsaya a tsofaffin ganye bayan dankali ya riga ya yi ƙwari bai cancanci kuɗin feshi ba, domin da wuya ya rage amfani sosai. Abin tsoro shi ne Alternaria ta sauka a hannun ganye da jikin yaɗo, ta yi baƙin miki ta zagaye shi har yaɗon ya bushe. A nan ne ake fesa maganin naman gwari mai suna mankozeb ko maganin da ke da tagulla, bisa ma'aunin da ke jikin kwali da shawarar malamin gona, kuma kada a ci ganyen ko a ba dabbobi sai kwanakin jiran da aka rubuta sun cika.

Amma gyaran gaskiya a wajen iri yake. A yanko yaɗo daga kai, tsawon santimita 25 zuwa 30, daga shuka mai lafiya. A kwashe ragowar ganye bayan haƙa. A hutar da wurin daga dankali shekara 2 zuwa 3. A zuba taki, domin cutar ta fi kama shukar da ke ƙasa marar ƙarfi. Masu noman rani a kwarin Korama su riƙa ban ruwa da safe, ta cikin kwarin kunya, ba ta saman ganye ba.

Idan kuwa ganyen ya tsuke ya murɗe, shukar ta tsumbure, wannan bairos ne da farin ƙuda da darɓa ke ɗaukowa. Maganin naman gwari ba ya taɓa shi, sai dai a tuge shukar a ƙone.