Amsoshin tambayoyinku: fim ɗin barkwanci na Sallah, wanne za a saya, wanne za a bari?

Da Sallah ta ƙarato, saƙonnin shadda da takalmin yara sun ɗan ja baya, na kallo sun cika akwati. Ga amsar wasu daga ciki.

Wata uwa daga Zariya ta ce: "Malam, bara na sa an tura min fim ɗin barkwanci don yara da surukata su kalla ranar Sallah. Ba a yi minti ashirin ba aka fara maganganun da suka sa na tashi na kashe. Har yau ina jin nauyin Hajiya. Yaya zan gane mai tsabta?"

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, da kika tashi kika kashe kin yi daidai, kuma Hajiya ta gani. Bana ki riga kowa kallo. Daren jajiberi, bayan an gama kitso da lalle, ki sa abin ji a kunne ki kalli minti goma na farko, ki tsallaka tsakiya ki kalli minti biyar, sannan ki duba duk inda waƙa ta shigo, don a nan aka fi sakin layi. Ki lura da wanda ake yi wa dariya. In gurgu ne, ko mai in'ina, ko kurma, ko mace saboda ƙirarta, ajiye shi, yara gobe za su kwaikwaya a kan ɗan maƙwabta. Wasan Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko jika da kaka, daban ne, domin kowa na ramawa, ba wanda ake tarar wa. Fim ɗin da ke zama lafiya a falo ranar Sallah shi ne wanda dariyarsa ta fito daga halin da kowa ya sani: maigidan da ya yi alkawarin rago alhali aljihu babu, tela da ya karɓi ɗinkin mutum talatin ya ɓuya a bayan kanta, baƙon da ya zo yawon Sallah ya ƙi tafiya. Yaro zai yi dariyar gudun tela, kaka kuma ta yi dariya don an taɓa yi mata.

Wani daga Gusau: "Fim mai 'yan barkwanci biyar a fosta ai ya fi mai guda ɗaya ban dariya, ko?"

A'a. Ba buhun gero ba ne da za a auna da yawa. Ɗan barkwanci na buƙatar mai hankali a gefensa, wanda zai tsaya da gaske yana jin haushi, daga nan dariyar ke tashi. In biyar suka haɗu kowa na ihu don ya danne ɗan'uwansa, hayaniya ka saya. Sau da yawa ma uku daga cikinsu fitowa ɗaya suka yi aka liƙa fuskarsu a fosta.

Wani magidanci daga Maraɗi: "Na sayi memori mai 64GB da araha, mai turi ya cika min da 'sababbin fina-finan Sallah', har da wanda ya ce sabon na Ibro ne. Rabi sun ƙi buɗewa, sauran kuma kamar na taɓa gani. Ina matsalar take?"

Cuta biyu aka yi maka a zama ɗaya, kuma wannan ita ce maganar da ta fi ci min rai a harkar nan. Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya ce maka yana da sabon fim ɗinsa, ƙarya yake yi, ka tashi daga shagon. Abin da suke yi shi ne a ɗauko tsofaffin fina-finan camama, wato na barkwanci masu ƙaramin jari, biyu ko uku na zamanin faifan CD, a yanyanke, a haɗa, a sa sabon suna da shekarar bana, a liƙa hoton da ba ya cikin fim ɗin. Haka ake yi a shagunan turi, haka ake yi a YouTube. Alamunsa ba su ɓuya. Hoton yakan zo murabba'i da baƙi a gefe biyu, ko a ja shi har fuskoki su yi faɗi. Kayan ɗan wasa su canza tsakanin fitowa da fitowa ba dalili. Ka ga wayar hannu irin ta dā a hannun jarumi. Sauti ya yi sama a nan ya yi ƙasa a can. Babu sunayen ma'aikata a farko ko a ƙarshe, don an datse su da gangan. Labarin kuma ba kai ba gindi, saboda dama ba labari ɗaya ba ne.

Memorin ma jabu ne. An rubuta 64GB a jiki, waya ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa bai wuce 4GB ko 8GB ba. Da an wuce wannan, sunan fim zai fito, girmansa zai fito, ka danna ya ƙi. Gwajinsa ɗaya ne: a cika shi a gabanka, a cire, a mayar, ka buɗe fim na farko, na tsakiya da na ƙarshe, kowanne ka ja shi zuwa kusan ƙarshe. Kada ka ruɗe in mai 32GB ya nuna kusan 29GB, wannan haka na gaskiya yake. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai 64GB da ake ba ka a kuɗin mai 8GB. Araha ba ta ado.

Abin takaicin, mu ne ke raya wannan kasuwa. Mutum zai tsaya ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya murza shadda ya ɗaga ta a rana, amma ya miƙa kuɗi a tura masa fim ashirin bai buɗe ko ɗaya ba. Ashirin ɗin ma yaushe za a kalla, tsakanin Idi, gaishe-gaishe da rabon abinci? Biyu masu kyau sun ishi gida har a gama Sallah. Kuma sau da yawa kuɗin turin nan ko sisi ba ya isa hannun wanda ya yi fim ɗin. Satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano, furodusoshi suka koma YouTube da talabijin da sinima. In kana son a ci gaba da yi maka abin dariya mai kyau, kalla a tashar mai fim ɗin ta gaskiya.

Wani matashi daga Kano: "Abokaina sun ce in zuba jarin da na tara mu yi fim ɗin barkwanci mu sake shi da Sallah. Saura sati uku. In shiga?"

Ɗana, riƙe kuɗinka. Na san zafin tara shi, shi ya sa zan faɗa maka kai tsaye: sati uku ba ya yin fim, sauri kuwa shi ke haifar da nawa. Fim ɗin Ƙaramar Sallah ana gama ɗaukarsa kafin azumi, don ɗan wasa mai ƙishirwa da ƙarfe uku na rana ba ya ba kowa dariya. Azumin na edita ne da talla.

In kun ɗaga zuwa wata Sallar, ka nemi abu huɗu kafin ka saki ko kwabo. Rubutaccen labari a takarda, daga farko har ƙarshe. In suka ce "ai su wane ba sa buƙatar rubutu, a lokeshin suke ƙirƙira", to za ka samu fitowa ɗaya mai kyau da tara na surutu. Sai mai ɗaukar sauti da makirufo nasa daban, a kuma kai janareta nesa da doguwar waya, domin barkwancin Hausa a baki yake, kalma ɗaya ta ɓace dariyar ta mutu. Sai edita mai iya yanka: abin da ya ba da dariya a minti biyu, in aka ja shi zuwa bakwai don fim ya yi tsawo, ya zama gajiya. Na huɗu, takardun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, ku je ku tambayi ƙa'idar rajista da tacewa tun kafin ɗauka. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu: a tashar wa za a ɗora, wa ke riƙe da asusun, kashi nawa ne naka. A wannan gaɓar abota ta fi lalacewa.

Wata ɗaliba daga Kaduna: "Tirela ta ba ni dariya sosai. In sayi tikitin sinima na ranar farko?"

Tirela minti biyu ce, an tsamo mafi daɗin fim ɗin aka zuba a ciki. In duk faɗuwa ce da guje-guje da zare ido, ba ki gane me labarin ke nufi ba, wataƙila kin riga kin kalli fim ɗin gaba ɗaya. Bari sai rana ta biyu ko ta uku, ki tambayi wanda ya biya da kuɗinsa ya shiga, ba wanda aka ba tikiti kyauta ba. Ki lissafa da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, wanda ke tashi da Sallah. In a waya za ki kalla, saita ingancin hoton ƙasa, a 360p ko 480p: fim na awa ɗaya da rabi a 720p kan ci sama da 1GB. Ki sauke shi da daddare lokacin garaɓasar data, don ranar Sallah layi cunkushewa yake yi.