Amsa ga ƙanwarmu mai tambayar ko ta ɗauki jogirafi a SS1

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga kin ce kin shiga SS1 ajin sayans, an ce ki zaɓi ɗaya tsakanin jogirafi da agirik, ƙawayenki kuma suna cewa jogirafi haddar sunayen koguna da duwatsu ce kawai ba ta da amfani. To bari in faɗa miki abin da na gani, ni na ɗauke ta shekara uku har na rubuta ta a WAEC da NECO.

Maganar hadda ɗin nan ba gaskiya ba ce, ko in ce rabin gaskiya ce. Eh akwai hadda, za ki san kogin Neja da Binuwai a Lokoja suka haɗu, kuza a Jos, kwal a Inugu, dam ɗin Kainji da sauransu, amma wannan ko a mota kike za ki karanta abinki. Inda ake faɗuwa daban ne. Takarda uku ake yi a WAEC, akwai ta zaɓi-ka-cike, akwai ta dogon rubutu, sai ta uku wadda tambayar farko a cikinta karatun taswira ce kuma dole ce, ba a tsallake ta. Za a ajiye miki taswirar wani yanki da ba ki taɓa zuwa ba, cike da layuka masu lanƙwasa kamar taliya, a ce ki faɗi ina tudu ina kwari, ruwa ta ina yake gangarawa, ki auna tsawon hanya, ki rage girman taswirar ki sake zana ta.

Mu a makarantarmu malamin jogirafi aka yi masa canjin wurin aiki muna SS2, muka zauna kusan zango biyu ba kowa, sai wani ɗan bautar ƙasa Allah Ya saka masa da alheri ya zo da taswira guda ɗaya tak, duk ta yage an liƙe ta da salatif, mu sama da arba'in muka kewaye tebur ɗaya ana ture-ture. Ranar na fara sanin da zare ake auna kogi. Za ki ɗora zaren kan kogin ki bi lanƙwasarsa a hankali kina dannewa da farce, in kin kai ƙarshe ki miƙar da shi kan rula. In ma'aunin taswirar 1:50,000 ne, kowace santimita 2 kilomita 1 ke nan a ƙasa. Zaren keken ɗinkin Ummanmu na yanko na tafi da shi jarrabawa, kuma wallahi da wannan ɗan koyon na sati uku na samu C5, waɗanda suka riƙa gudun ajin nasa da yawa sai da suka sake zama.

Kuma tana da daɗi in an samu mai koyarwa. Ni abin da ya fara sa na so ta lissafin lokaci ne. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato kowane digiri minti 4. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen 5, tazarar digiri 8 ke nan, ki buga da 4 ki gani, shi ya sa da azumi mutanen Maiduguri suke riga Sakkwatawa shan ruwa da kusan rabin awa alhali agogonsu ɗaya. Da na kawo wa Baffa wannan lissafin a gida har cewa ya yi ashe bokon naku yana da rana. Haka hunturu, iskar da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas ce, damina kuma iskar teku ce daga kudu maso yamma, shi ya sa ruwa yake sauka a Legas tun mu muna fama da zafin bazara.

Batun gaba kuma, in kina tunanin tsara birane, safiyo, ilimin yanayi ko aikin taswira ta kwamfuta da ake kira GIS, jogirafi za ta yi miki rana, akwai sashenta a ABU Zariya da BUK. In kuwa likitanci ko aikin jinya kika sa a gaba, JAMB ɗinki Turanci ne da fiziks da kemistiri da bayoloji, jogirafi cike gurbi ce kawai, agirik ma ta fi kusa da bayolojin da kike yi. Ki duba littafin kwasa-kwasan JAMB ke da wani babba a gida kafin ki cike fom.

Amma kafin komai, gobe in kin je makaranta ki samu 'yan SS3 masu jogirafi, kada ki tambayi malamin don shi cewa zai yi ki zo. Ki ce musu sun taɓa riƙe taswirar jarrabawa da hannunsu? Sun taɓa aunawa da zare? In suka ce eh ki ɗauka ba fargaba. In suka tsaya kallon juna, to ko dai ki koma agirik ko ki sa a ranki za ki nemi lesin a waje tun daga SS2. Har yanzu ina da tsofaffin tambayoyina a kwali, in kin yanke shawara ki yi magana a nan in ɗauki hotonsu in turo.