Gadar jirgin ƙasa da ke saman ruwa a Castlefield, Manchester

Malam, ka tambaya wai ruwan nan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Castlefield ta Manchester kogi ne, kuma me ya sa aka ɗaga gadar sama haka. Ba kogi ba ne, mutane ne suka haƙa shi, sunansa Bridgewater, an fara buɗe shi 1761 don a riƙa kawo kwal daga ramukan haƙar kwal na garin Worsley zuwa Manchester, dawakai ne ke jan kwale-kwalen suna tafiya a gefe, shi ya sa har yau za ka ga 'yar hanya a bakin ruwan. Sai da farashin kwal ya faɗi kusan rabi a Manchester saboda shi.

Shi jirgin ƙasa daga baya ya zo, ya tarar ruwa ya riga ya kama wuri, ga sito-sito ko'ina, dama kuma jirgi ba ya son hawa da gangara, ga shi dole a bar wa kwale-kwale sararin wucewa da kayansu, to ba makawa sai a ɗaga layin dogo sama. Gadojin ma da yawa ne a wurin, ba ɗaya ba.

Babbar cikinsu, ta ƙarfe, wajen 1892 aka gina ta, tsawonta kusan mita 330, jirgi ya daina bin ta 1969 da aka rufe tashar jirgin ƙasa ta Manchester Central. Ta zauna haka ciyawa na cin ta har 2022 da ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust ta mai da wani ɓangarenta lambu, dabara mai kyau gaskiya. Ta kusa da ita kuwa jiragen cikin gari na Metrolink ke bi yanzu.