Amsa: Firamare da lojikal, da dalilin da ya sa kwamfutarka ta ƙi ba ka fatishan na biyar

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son saka Linux a gefen Windows a tsohuwar laftof ɗinka, ka rage C: (yankin da Windows ke zaune) ka samu sarari, amma ta ƙi bari ka yanka sabon fatishan, wato wani yanki na faifan ajiya da kwamfuta ke ɗauka kamar faifai mai zaman kansa, shi ne kake tambayar bambancin fatishan firamare da lojikal. Ni ma wannan ta taɓa ritsawa da ni, har na yi asara.

Tushen abin yana cikin tsohon tsarin raba faifai da ake kira MBR, wanda ya zo tun 1983 tare da DOS 2.0, tsarin da ya gabaci Windows. A farkon faifan ajiya akwai wani ɗan gurbi mai bayit 512. Daga ciki 64 ne kacal aka ware don rubuta bayanan fatishan, kowane ɗaya yana cin 16. Ka yi lissafi, gurbi huɗu ke nan. Waɗannan huɗun su ne firamare, babu na biyar ko faifan ya kai girman me.

Da mutane suka ga huɗu ba ta isa ba, sai aka yi dabara. Ka ɗauka fili ne mai fuloti huɗu. Uku ka gina gidaje, na huɗun ka zagaye shi da katanga ka mai da shi gidan haya. Katangar ita ce ekstended, ba a ajiye komai a jikinta. Ɗakunan cikinta su ne lojikal. Ekstended ɗaya tak ake yarda da shi a faifai guda, kuma yana cin gurbi ɗaya cikin huɗun.

Wajen ajiye fayil babu bambanci, sauri ɗaya, girma kuma yadda ka yanka. Duk mai ce maka firamare ya fi gudu, labari yake ba ka. Bambancin a wajen tashin kwamfuta yake. Fayilolin da Windows ke tashi da su dole su zauna a firamare da aka yi wa alamar shi ne mai aiki. Linux kuwa bai damu ba, GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, zai tashe shi daga lojikal lafiya lau. A Linux za ka ga firamare da sunan sda1 zuwa sda4, lojikal kuma daga sda5 suke farawa, ko da firamaren biyu ne kawai.

Ina kyautata zaton taka ta zo daga kamfani da huɗun a cike: ƙaramin na tashi, C:, na maido da Windows, da na kayan gyara. Buɗe Disk Management, wurin duba fatishan a Windows, ka ƙirga. Idan haka ne, sai ka sadaukar da ɗaya, galibi na kayan gyaran, ka yi ekstended a wurinsa. Kuma don Allah, idan Windows ta tambaye ka ko ta mai da faifan dainamik, wato wani tsarin yanka faifai na Windows, ka ce a'a. Ni na danna e da gaggawa a kwamfutar wani ƙanena, Linux ya kasa gane yankan, muka kwana muna kwashe fayiloli a filashi. Hotunan bikinsa da yawa a nan suka tafi, har yau yana min gori.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: lojikal a sarƙe suke, kowane yana nuna inda na gaba yake. Idan mahaɗi ɗaya ya lalace, na bayansa duka suna iya ɓacewa daga gani. Shi ya sa kafin ka taɓa komai, kwafi kayanka a wani faifan daban, ba a wani fatishan na faifan nan ba.

In kuwa laftof ɗin tana da UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, ka bar duk wannan wahalar ka koma GPT, sabon tsarin raba faifai da ya gaji MBR. Can Windows tana ba ka har fatishan 128, babu ekstended, babu lojikal, kuma babu iyakar tarabayit 2 da MBR ke da ita. Akwai wani kayan aiki mai suna mbr2gpt a Windows 10 tun sigar 1703, yana juya faifai daga MBR zuwa GPT ba tare da goge kaya ba, amma sai firamare ba su wuce uku ba kuma babu lojikal ko ɗaya. Don haka ka fara duba wannan kafin ka yanka. Turo mana hoton Disk Management ɗinka mu ga wanda za a cire.